Z06 tana ajiye a shagon dila amma sun ɗora dala 25,000 a kan farashin kamfani: in ɗauka ko in ci gaba da jira?

Abu_Fahad_Houston
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota a ƙasar nan. Na daɗe da sa sunana a layin Corvette Z06 wajen wani dila, na ba su kafin alƙalami, amma har yau shiru. Duk lokacin da na kira sai su ce kasonsu bai zo ba. To ranar Asabar wani abokin aikina ya ce ya hango wata a ajiye cikin shagon wani dila a nan kusa da mu. Na je na gan ta da idona. Baƙa ce wuluk, 2LZ wato matakin kayan ciki na tsakiya, mai rufin da ake cirewa da hannu, mil 11 kacal a kan mita. Sun ce wani ne ya yi odarta, da ta iso banki ya ƙi ba shi kuɗin, sai ya fasa.

Takardar kamfani da ke manne a gilashi ta nuna dala 124,000 da 'yan kai. Amma a gefenta akwai wata 'yar siririyar takarda da su dilan suka buga da kansu. A kanta sun ɗora 25,000 wai na daidaita farashi da kasuwa, sannan kusan 4,000 na baƙin gilashi, da maganin ƙyalli da suka shafa wa fenti, da iskar naitirojin a taya, da na'urar bin sawu. Mai sayarwar ya ce mutum biyu na zuwa ganinta a satin nan, in ina so in ajiye wani abu. Ban sa hannu a komai ba. Gaskiya motar ta shiga raina, tun ina ɗalibi nake mafarkin Corvette. Me kuke gani?

BabanKhairat
Wa alaikumus salam. Alhaji kada ka biya. Wallahi kada ka biya. Dala 29,000 kuɗin wata motar ce sabuwa fil.

Dan_Zango_Bronx
Ni abin da ban gane ba, ba doka ce ta sa ake manna takardar nan a gilashi ba? In doka ce ta sa farashin, ta yaya mutum zai sayar sama da shi kuma a ƙyale shi? Ka kai ƙararsu kawai.

Injiniya_Detroit
Dan_Zango, ba haka dokar take ba. Dokar 1958 ce, ana kiran takardar da sunan Sanata Mike Monroney na Oklahoma wanda ya kawo ƙudurin. Abin da ta wajabta shi ne kowace sabuwar mota ta zo da takarda mai nuna farashin da kamfani ya ba da shawarar a sayar, da kayan da aka ƙara mata, da kuɗin dakonta daga masana'anta, kuma kada a cire takardar kafin mota ta isa hannun mai saye. Farashin shawara ne, ba umarni ba. Dila ya riga ya sayi motar daga GM, wato General Motors mai ƙera Corvette, tasa ce, yana iya sayarwa ƙasa da haka ko sama. Kuma dokokin jihohi sun hana kamfanoni irin su GM da Ford sayar wa mutane kai tsaye su tsallake dilolinsu, shi ya sa ba za ka iya kiran masana'antar Corvette da ke Bowling Green ka ce a aiko maka ba. Tesla ce ta bi wata hanya saboda tun farko ba ta da diloli.

Abin da kamfani ke iya yi shi ne ya rage wa dila kaso. A farkon 2022 Steve Carlisle, da yake shugabancin GM a Arewacin Amurka, ya rubuta wa diloli takardar gargaɗi a kan irin wannan ƙarin, har ya ce za su iya karkatar da motocin zuwa wasu. Jim Farley na Ford ma ya yi irin maganar a lokacin. Amma gargaɗi ne, ƙarin bai daina ba.

Abu_Fahad, tambaya ɗaya nake so ka yi musu kafin maganar kuɗi: an taɓa yi wa motar nan rajista da sunan wani?

Abu_Fahad_Houston
Injiniya ban tambaya ba. Na ɗauka tunda mil 11 ne ai sabuwa ce. Mene ne hatsarin?

Injiniya_Detroit
Hatsarin babba ne. A 2022 GM ta sa wa Z06 sharaɗi saboda masu saye su juya su sayar da riba. A sharaɗin na lokacin, in mai ita na farko ya sayar da ita da wuri, garantin kamfani ba ya bin motar zuwa hannu na biyu, shi kuma a hana shi yin odar motocin da ake rububi a gaba. To akwai masu karɓar mota, su yi mata rajista, su mayar wa wani dila washegari su karɓi ribarsu. Za ka gan ta tana sheƙi a shago da mil kaɗan, amma a takarda ta zama ta hannu. Garantin da ake magana shi ne na shekara 3 ko mil 36,000 na motar gaba ɗaya, da na shekara 5 ko mil 60,000 na inji da giya. Injin nan da hannu ake haɗa shi, har da ɗan allo mai sunan wanda ya haɗa. Ba injin da za ka so ka gyara da kuɗin aljihunka ba ne.

Ka ce su nuna maka takardar asali ta masana'anta, wadda ke zuwa da mota kafin a yi mata rajista ta farko. In tana hannunsu, motar sabuwa ce. In suka fara kame-kame, ka ɗauki lambar VIN, wato lambar shaidar motar, ka bincika tarihinta da kanka.

Sarkin_Gudu
Shekara ɗaya cif ne sharaɗin, na karanta lokacin da aka sanar. Har da Hummer EV da Escalade-V.

Injiniya_Detroit
Da wata 12 aka fara sanarwa a 2022, daga baya aka rage na Z06 zuwa wata 6. Duk da haka gara ya nemi su rubuta masa a takarda cewa garanti na nan cikakke kuma daga ranar da ya karɓa zai fara ƙirga.

Hajiya_PharmD_Maryland
Ƙanina Abu Fahad, ni ban san Corvette ba amma na san ɗakin nan na ƙarshe da suke shigar da mutum, inda ake sa hannu. A 2022, lokacin da motoci suka yi wuya saboda ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta, na je sayen motar kai yara makaranta. Mun gama ciniki a waje, mun yi musabaha a kan farashi. Da aka shiga ciki sai mutumin ya juyo min da allon kwamfuta yana nuna abin da zan riƙa biya duk wata, yana ta magana da sauri, yana nuna inda zan sa hannu da bakin biro. Na ce ya buga min takardar a hannu in karanta. Layi uku na gani da ba mu yi maganarsu ba: ƙarin garanti, inshorar taya, da wani kuɗin zana lamba a gilashi. Na ɗauki jakata na miƙe. Kafin in kai ƙofa an goge su duka.

Don haka ko za ka saya, lamba ɗaya za ka nema, wato jimillar abin da za ka biya ka fita da mota, da haraji da rajista da kuɗin takardu da komai. Su aiko maka ta imel kafin ka sake taka ƙafarka wurin. Kuma kada ka amsa tambayar "nawa kake iya biya a wata". Da ita suke ɓoye komai.

BabanKhairat
Hajiya ta faɗi gaskiya. Iskar naitirojin kuma, iskar da muke shaƙa ma kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Wannan 4,000 ɗin ko tattaunawa bai kamata a yi a kai ba.

DirebanTirela_Greensboro
Yallaɓai ni tawa shawarar daban ce. Ina ɗaukar motoci daga jiha zuwa jiha, aikina ke nan. Me ya sa ka tsaya a Houston kaɗai? Manyan dilolin Corvette suna gabas: MacMulkin a Nashua ta New Hampshire, Ciocca a Atlantic City wanda a da ake kira Kerbeck, da Criswell a Gaithersburg kusa da su Hajiya. GM tana raba kaso ne gwargwadon yadda dila ya saba sayar da Corvette, to wanda ke sayar da ɗaruruwa a shekara layinsa yana motsi ko da ya fi tsawo. Ƙaramin dila kuwa, kana iya zama na uku a layi amma shi ɗaya ko biyu zai samu a shekara. Ina jin abin da ya same ka ke nan a inda ka ba da kafin alƙalami. Kuɗin kawo mota daga gabas zuwa Texas a rufaffiyar tirela bai kai ko kusa da abin da suka ɗora maka ba.

Sarkin_Gudu
Layin Z06 a manyan wuraren nan mutane ne maƙil, Direba. Wanda ya shiga yau zai sha jira. Ni ina ganin kuna raina darajar lokaci. Motar tana gabansa, yana iya taɓa ta. Doki 670, babu turbo, inji na juyawa har 8,600. Babu wata V8 marar turbo da aka taɓa sayarwa a kasuwa mai wannan ƙarfin. Ku je ku tambayi farashin 911 GT3 mai doki 502, ku ga ko dilan Porsche zai ma kalle ku in ba ku taɓa sayen motoci a wajensa ba. Ko da ƙarin, Z06 ta fi ta araha. In yana da hali ya saya ya more, rai ba a hannunmu yake ba.

Akanta_Dallas
Sarkin_Gudu, bari mu yi lissafi a tsanake. A Texas harajin sayen mota kashi 6.25 ne cikin 100, kuma a kan abin da ka biya ake cire shi, ba a kan farashin kamfani ba. Wato 25,000 ɗin nan za ta jawo wata 1,562 ta haraji. Z06 kuma tana cikin motocin da gwamnatin tarayya ke ɗora wa harajin shan mai, amma wannan yana cikin takardar gilashi, kada su sake ƙirga maka shi.

Na biyu, ƙarin nan ranar da ka fita da mota ya ƙone. In Allah ya kiyaye aka yi hatsari motar ta tashi aiki, kamfanin inshora darajar kasuwa ta ranar zai biya, ba rasit ɗinka ba. In bashi za ka ci, bankuna da dama ba sa son ba da kuɗi sama da darajar mota a littafinsu, sai ka cike gibin daga aljihu.

Na uku, mun ga fim ɗin nan da Stingray, wato Corvette ta matakin farko da ke ƙasa da Z06. An nuna ta a Yulin 2019, aka ce farashinta zai fara ƙasa da 60,000, kowa ya rikice saboda karo na farko ke nan da aka mayar da injin Corvette bayan direba. Yajin aikin ma'aikatan GM na kwana 40 ya jinkirta fara ƙerawa zuwa Fabrairun 2020, korona ta rufe masana'anta bayan 'yan makonni, sannan guguwa ta faɗa wa Bowling Green a Disamban 2021 har aka lalatar da motoci fiye da 100 da ke cikin masana'antar. Duk wannan ya sa ta yi wuya, mutane suka riƙa biyan ƙari. Da ƙerawa ta daidaita, ƙarin ya narke. Z06 ba mota ce da aka ƙayyade adadinta ba, masana'antar da ke yin Stingray ita ke yin ta, kuma kullum ana fitar da wasu. Wanda ya biya ƙari yana sayen watanni ne kawai. Sai ka tambayi kanka nawa watannin suka kai a wajenka.

Malam_Na_Columbus
Assalamu alaikum. Ina bin muhawarar, ina so in ce wani abu ta fuskar addini tunda wasu na ganin ƙarin haramun ne. A fahimtata, mai kaya yana da ikon sa wa kayansa farashi. A hadisin Anas, da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi, bai yi ba, ya ce Allah ne mai sa farashi. Motar tsere kuma ba abinci ba ce da za a ce an ɓoye wa talaka. In ka biya da yardarka, ciniki ya inganta.

Inda nake da damuwa biyu ne. Na farko, maganar "mutum biyu na zuwa". In ƙarya ce don a zuga ka, ta yi kama da najashi da aka hana, laifin yana kansu, amma kai kada ka bari ta tura ka. Na biyu kuma shi ne babba: in da bashi mai ruwa za ka saya, to ka tsaya ka yi tunani sosai. Ana iya kawo uzurin larura a wasu abubuwan a ƙasar nan, malamai sun yi maganganu a kai, amma ban ga yadda za a kira Z06 larura ba.

Abu_Fahad_Houston
Malam na gode, Allah ya saka da alheri. Ba bashi zan ci ba. Na daɗe ina tara kuɗin a gefe, kuma zan ba su tsohuwar motata a rage. Shi ya sa ma ƙarin yake min ciwo, don na san yadda kowace dala ta taru.

Akanta_Dallas
To wannan ya taimake ka ta wani gefen. A Texas in ka ba dila tsohuwar motarka, ana cire darajarta kafin a lissafa haraji. Amma ka raba cinikin biyu. Ka fara samo tayin tsohuwar motar a rubuce daga wani wuri, don kada su rage maka 5,000 a ƙari su kuma danne 5,000 a kuɗin motarka.

Umman_Sadiq
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ke raina. Dala dubu ɗari da hamsin a mota mai kujera biyu? Ko iyali ba za ta ɗauka ba. Rijiyoyin burtsatse nawa wannan kuɗin zai haƙa a ƙauyukanmu? Ƙarin kaɗai zai biya wa yara da yawa kuɗin makaranta. Ba hassada nake ba wallahi, abin ne yake taɓa min zuciya idan na tuna halin da ake ciki a gida.

Dan_Zango_Bronx
Umma maganarki gaskiya ce, amma ba mu san abin da bawan Allah yake yi a ɓoye ba. Wanda ya fitar da zakkarsa ya kula da iyayensa, in ya sayi abin da ransa ke so da halaliyarsa ba mu da ta cewa. Shawara ya nema a kan ciniki.

Abu_Fahad_Houston
Umman Sadiq ban ji haushi ba ko kaɗan, kin tuna min abin da ya kamata a riƙa tuna wa juna. Tsakanina da gida akwai abin da nake yi gwargwadon iko, ba zan lissafa a nan ba. Amma maganarki ta ƙara min nauyin 29,000 ɗin nan. Farashin motar na yarda da shi tun da daɗewa. Wanda aka ɗora a sama ne ban ga abin da zan samu a madadinsa ba.

Makanike_Minneapolis
Mu koma kan motar. In ka yanke shawarar ɗauka, ga abin da zan duba da a ce ni ne. Motar da ta zauna a shago hannaye da yawa sun taɓa ta. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin hancinta da fitilar waya, nan ne ake gogewa lokacin sauke ta daga tirela ko shigar da ita shago. Ka bi bakin kowane wili da yatsa. Ka duba gefen kujerar direba inda ake murzawa wajen shiga, a wannan motar mutum faɗawa yake yi ciki saboda ƙasa take sosai. Ka sa a fito da ita rana, baƙin fenti ba ya ɓoye zanen da injin goge mota ya bari, amma fitilun shago suna ɓoyewa.

Mil 11 ba matsala ba ce, amma ka tambaya ko an ba wani ya gwada ta. Littafin motar ya ce mil 500 na farko a bi ta a hankali, kada a take totur har ƙasa, kwamfutar motar ma tana rage ƙarfi a ƙananan giya har sai an cika su. Filin tsere kuma sai bayan mil 1,500.

Sannan ka karanta takardar gilashin layi-layi, don motar an yi ta ne da zaɓin wani, ba naka ba. Tana da na'urar ɗaga hanci? Tana ɗaga gaba kusan inci 2 cikin 'yan daƙiƙu, kuma tana riƙe wurare har 1,000 ta GPS ta ɗaga da kanta in ka iso. In babu ita, ba abu ba ne da za a ƙara maka cikin sauƙi daga baya. In kuma tana da tayoyin Cup 2 R na ƙunshin kayan tsere na Z07, ka sani tayoyin filin tsere ne, ba sa son ruwa, ku kuma Houston ruwa ba ya muku wuya.

Abu_Fahad_Houston
Tana da na'urar ɗaga hancin, na gani a takarda. Babu Z07, wilin ma na ƙarfe ne. Abin da ba na so shi ne cikinta baƙi ne gaba ɗaya, ni kuma ja na zaɓa a odata.

Hajiya_PharmD_Maryland
To ka ji. Za ka biya ƙarin 25,000 a kan launin da ba shi ka zaɓa ba.

Yaro_Dan_Kano
Gaisuwa ga manya. Ni daga gida nake bibiyarku. Don Allah in mutum ya sayi irin wannan zai iya sa ta a kwantena ya kawo Legas? Akwai wani maigidana da yake tambaya.

DirebanTirela_Greensboro
Ƙanina, diloli da yawa suna sa mai sayen sabuwar mota irin wannan ya sa hannu cewa ba zai fitar da ita ƙasar waje ba na wani lokaci, saboda kamfani na hukunta dilan in aka gano. Garantin ma ba zai bi ta can ba. Ga tudun rage gudu da ramuka, ga maganar mai, don tana son fetur mai kyau sosai. Tayar baya faɗinta 345 ne a kan wili 21, in ta fashe sai dai a yi odarta. Maigidanka ya yi tunani.

Likita_Atlanta
Ni na bi hanyar jira da Stingray ɗina, bari in faɗi yadda abin yake don Abu Fahad ya gane inda odarsa ta tsaya. Kowace oda tana da lambar matsayi. In tana 1100, dila ne kawai ya shigar da ita a kwamfuta, GM ba ta karɓa ba, kuma tana iya zama a haka har abada. Sai ta koma 2000 ne kamfani ya karɓa, wato dila ya sa mata kaso. 3000 an shigar da ita tsarin ƙerawa, 3800 an ƙera, 5000 ta iso wajen dila. Ka kira inda ka ba da kafin alƙalami ka ce su ba ka lambar odarka da matsayinta, sannan su gaya maka kai na nawa ne a layi da kuma Z06 nawa suka samu bara. In suka kasa amsa waɗannan, ba layi kake ba, ka karɓo kuɗinka.

Wani abin da mai oda ke samu wanda mai saye daga shago ba ya samu shi ne karɓar mota a gidan tarihin Corvette da ke tsallaken titi da masana'anta, lambar zaɓin R8C. Can na karɓi tawa. An ajiye ta a cikin zauren da sunana a allo, wani dattijo ma'aikacinsu ya zauna kusa da ni ya bi da ni kowane maɓalli, da na tayar zan fita ma'aikata suka jeru suna tafi. Gidan tarihin nan ne ƙasa ta rufta a cikinsa a 2014 ta haɗiye motoci 8. Ɗana har yau yana maganar tafiyar.

Makarantar tuƙi ta Ron Fellows da ke Spring Mountain a Nevada kuwa, ragin da ake yi wa sabbin masu Corvette na mai ita na farko ne. Wannan ma wani dalili ne na tambayar da Injiniya ya ce ka yi.

Sarkin_Gudu
Likita duk na yarda, amma kada a manta farashin kamfani ma yana hawa duk shekara. Wanda ya jira shekara biyu ba farashin yau zai biya ba. Kuma kayan kabon sun sha yin ƙaranci, oda ta tsaya saboda fiffike ɗaya. Ni da zan taya su 10,000 a sama, a cire tarkacen 4,000, in sun sallama in ɗauka. Kuma ai in ya kai gida ya ga bai gamsu ba yana da kwana uku ya mayar.

Hajiya_PharmD_Maryland
A'a Sarkin Gudu, wannan maganar kwana ukun tana jefa mutane cikin wahala. Dokar ta shafi irin kayan da ake bin mutum gida a sayar masa, ba motar da ka je shago da ƙafarka ka saya ba. Da ka sa hannu ka fita da ita, ta zama taka, sai in dilan ya rubuta da kansa cewa yana karɓar mayarwa.

Akanta_Dallas
Haka ne. Kuɗin takardu ma ya duba, don ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Kalifoniya ta ƙayyade shi a dala 85, New York 175, Florida kuwa babu iyaka. In zai saya a wata jiha kamar yadda Direba ya ce, harajin Texas zai biya tunda a nan zai yi rajista.

Abu Fahad, in za ka taya, ka bari sai ƙarshen wata. Yawanci da bashin banki dila ke ajiye motoci a shago, kowace rana motar 124,000 tana ci masa kuɗi. Ka ba su lambarka a rubuce, ka ce kuɗi na hannu, ka tafi gida.

Abu_Fahad_Houston
Ga inda aka kwana. Na kira dilana na farko kamar yadda Likita ya ce. Odata tana 1100, kuma da na tambayi Z06 nawa suka samu, sai aka ce manaja zai kira ni. Bai kira ba tukuna.

Su kuma masu baƙar motar sun turo min hoton takardar asali ta masana'anta, ba a taɓa yi mata rajista ba, alhamdu lillahi. Na rubuta musu cewa zan biya farashin kamfani da 5,000 a sama, ban da tarkacen ƙaramar takarda. Sun amsa cewa za su cire na'urar bin sawu da naitirojin, ƙarin kuma ya dawo 18,000, wai daga nan ba za su sauka ba. Na ce albarka. Motar dai har yammacin nan tana shafinsu, mutum biyun ba su ɗauke ta ba.

BabanKhairat
Daga 25 zuwa 18 a saƙo ɗaya. Ka riƙe wuta Alhaji, za su sake kira.

Sarkin_Gudu
Ko kuma wani ya shigo ranar Asabar ya biya 18 ɗin ba tare da ya yi ciniki ba. Akwai masu kuɗin mai a garin nan naku, kada ka manta.

DirebanTirela_Greensboro
Ko sun kira ko ba su kira ba, gobe da safe ka buga wa manyan dilolin can na gabas ka tambayi tsawon layinsu da sharaɗin kafin alƙalaminsu, ko ana mayarwa in ka fasa. Ka kuma tambaya ko suna da jerin waɗanda ake kira in wani ya fasa odarsa bayan mota ta iso, don wani lokacin ta nan ake samu da wuri.

Likita_Atlanta
Kuma kada ka janye kuɗinka daga dila na farko sai manajan ya ba ka amsa. In ya ce kai ne na gaba, lissafin ya canza gaba ɗaya. Sun rubuta maka tun farko cewa a farashin kamfani za su ba ka, ko da baki kuka yi?

Abu_Fahad_Houston
A rasit ɗin an rubuta adadin da na bayar da sunan motar, babu maganar farashi. Zan tambayi manajan wannan ma in ya kira.